Askin Auduga

Shekarata takwas ke nan a asibitin dabbobin nan. Ranaku da yawa sun wuce ban riƙe komai a cikinsu ba, amma ranar da na aske Auduga ta ƙi fita daga raina. Auduga sunan wani ɗan kwikwiyo ne. Ku da kuka zo aiki a bayana kun san ni da yawan cewa "a bi shi a hankali", na kuma san wasunku na kwaikwayon muryata idan na ba da baya. Yau zan gaya muku inda na samo maganar. Ba labari ne da zai ƙara min daraja ba, shi ya sa na daɗe ina riƙe da shi.

Ga wanda bai san tsarin wurinmu ba, asibiti ne ƙarami mai zaman kansa a cikin garin Minna. A sama akwai likita, Dakta Ndagi. Shi ke duba dabba, shi ke rubuta magani, shi ke tiyata. A ƙasa akwai masu kula da dabbobi, wato mu: shara, wanke keji, ba da abinci, riƙe dabba idan za a yi mata allura, wanka da gyaran gashi. Kowace dabba tana da katinta, kuma abin da likita ya rubuta a kati shi ake yi, ba ƙari ba ragi. Yanzu mun yi yawa, amma a lokacin da nake ba ku labari, shekarata ta biyu da fara aiki, mu biyu ne kawai, ni da Dakta.

Ni ɗan wanzami ne, jikan wanzami. Kakana ya biyo jirgin ƙasa ya sauka a Minna da zabirarsa, yana yi wa ma'aikatan reluwe aski da ƙaho. Babana ya gaje shi. Ni kuma na gama firamare, na ɗan leƙa sakandare, na buɗe shagon aski da kilifa. A nan Dakta ya san ni, don a wurina yake aski. Da aka rushe layin shagunanmu za a faɗaɗa titi, ya ce min yana neman mutum mai hannun da ba ya rawa. Na karɓa, amma na shigo da abu biyu a cikina. Na farko girman kai: ina ganin duk abin da ya shafi gashi ba mai koya min, ko da ya yi jami'a. Na biyu ƙyamar kare. A unguwa idan aka tambaye ni sai in ce a asibiti nake aiki, in yi shiru daga nan. Idan kare ya lashi hannuna, sai in wuni ina wankewa. Na taɓa tambayar wani malami, ya yi min bayanin da ya sauƙaƙa min al'amarin, amma ƙyamar tawa ce, ba ta tafi ba.

Tun makon farko Dakta ya zaunar da ni ya koya min yadda ake fara gyaran kwikwiyo mai dogon gashi. Ya ce aikin a gida yake farawa. Daga ranar da aka raba kwikwiyo da uwarsa, yana da kamar wata biyu, mai shi zai riƙa taje shi kullum na ɗan lokaci kaɗan, yana taɓa masa ƙafafu da kunnuwa da gefen baki, yana ba shi ɗan abin ci idan ya tsaya. Ba a kawo shi wurinmu don gyara sai ya samu alluransa na rigakafi, wajen wata uku zuwa huɗu. Zuwan farko kuma ba na aski ba ne. Dakta yana kiransa zuwan sabo. A ɗora kwikwiyo a tebur, a bar shi ya sunsuna mataji da almakashi da hannun mai gyara. A kunna kilifa daga nesa ya ji ƙararta, a kashe. A taje shi sama-sama, idan akwai gashin da ke tsone masa ido a ɗan rage, a sauke shi tun bai gaji ba. Minti goma sha biyar ya isa. Wanka sai zuwa na biyu. Ya ƙara da cewa akwai karnuka masu gashi hawa biyu, na ciki mai laushi da na waje mai tsawo. Irin waɗannan ba a aske su har fata sai da dalilin ciwo, domin gashin ne ke tare musu rana, kuma idan aka aske ba lallai ya dawo yadda yake ba.

Na ce "to, Dakta" da bakina. A zuciyata kuwa dariya nake. A gidanmu ranar suna ake aske jariri ƙwal. Babana yakan ce gashin da aka zo da shi daga ciki ba gashi ba ne, sai an kwashe shi sannan na kirki ke fitowa. Na ga jarirai ba adadi suna tsala kuka a hannunsa, ana gamawa a miƙa wa uwa, shi ke nan. Sai a ce min ɗan kare ne za a yi ta lallashi kafin a taɓa shi?

Mai Auduga wata dattijuwa ce, Mama Rifkatu, malamar makaranta da ta yi ritaya, 'yar kudancin Kaduna, tana zaune a unguwar Fadikpe. Mijinta ya rasu, 'ya'ya sun watse, sai babban ɗanta Yohanna mai gona a ƙauyen Garatu ke leƙo ta ƙarshen mako. Shi ya kawo mata kwikwiyon, fari fat, irin masu gashi hawa biyun nan, don ta samu abin yi wa magana a gida. Amma tun farko yana shakka, saboda Mama na da ciwon gaɓoɓi, yatsunta sun kumbura sun ɗan lanƙwashe. Ya ce idan hidimar ta fi ƙarfinta zai mayar da shi gona. Mama ta ɗauki maganar da zafi. Ta naɗe mariƙin matajin da tsumma don ta iya riƙewa, kullum da safe bayan ta yi addu'a sai ta zauna a baranda ta taje shi. Duk zuwan da suka yi don allura sai ta buɗe gashin ta nuna wa Dakta.

"Likita, duba da kyau. Maki nawa za ka ba ni?"

"Mama, ai ke ce mai ba da maki. Ni dai ban ga inda zan sa jan biro ba."

Wata Laraba ce cikin bazara, ana irin zafin Minna da ko fanka iska mai zafi take hurowa. Auduga ya cika wata huɗu, ranar ce ta zuwan sabonsa. Da safe aka kira Dakta wata gona a wajen Gidan Kwano, saniya ta kasa haihuwa. Kafin ya shiga mota ya miƙo min katin ya ce, "Sabi'u, sabo kawai. Mataji da hannu. Kada kilifa ta taɓa shi." Na duba katin, haka aka rubuta. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya nema min uzuri. Na ji, na kuma karanta.

Mama ta iso wajen sha biyu da rabi, da Auduga a cikin kwando. Ta ce za ta shiga kasuwa ta sayo kayan miya ta dawo. Ta shafa kansa ta ce masa, "Ka yi wa Malam biyayya, ka ji?" Ta fita.

Na ɗora shi a tebur. Yana haki saboda zafi, yana kaɗa jela, ya matso ya fara lasar yatsuna. Na janye hannu, ya biyo. Na dubi agogo na ga azahar ta kusa, na tuna aikin da aka ba ni shi ne in tsaya wannan abin ya yi ta sunsuna ni yana lasa. Sai zuciyata ta kawo min hujja mai kyau: dubi yadda zafi ke damunsa, ga gashin ciki bai taɓa fita ba, idan na kwashe masa zai sha iska, na kirki ya fito, Dakta da kansa zai ga wanzami ya san abin da babu a littafi. Kafin in fara na sa yatsu cikin gashin. Tsaf yake har fata, ba ƙulli ko ɗaya, ba kaska, ba ƙuma.

Na kunna kilifa kusa da kunnensa. Ya zabura zai faɗo daga tebur. Na cafke shi, na sa masa takunkumi, na zauna a benci na matse shi tsakanin gwiwoyina yadda ake matse yaro mai gardamar aski. Ya yi wani irin kuka ta cikin takunkumin, ya yi fitsari a wandona, abin ya ba ni haushi na ƙara matsewa. Kilifar ta yi zafi ban tsaya ta huce ba, ta ƙona shi a bayan kunne, ta kuma yanke shi a hammata inda fata ke da laushi. Cikin minti ashirin na gama. Da na sauke shi sai ya shige ƙarƙashin kabad ya dunƙule yana karkarwa, fatarsa jajir kamar ta jaririn ɓera. A nan hankalina ya dawo. Na tattara gashin a buhu, na kai bayan asibiti inda muke ƙona shara, na cinna masa wuta.

Mama ta dawo da ledar tumatir a hannu. Sai da na janyo shi daga ƙarƙashin kabad sannan ta gane shi.

"Malam Sabi'u, mene ne wannan? Likita ya ce ba za a yanke ba."

Da na ce mata ganganci na yi, da ta yi faɗa, Dakta ya yi nasa, an wuce wurin. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Mama, dole ce ta sa. Sama ne kawai mai kyau. Can ciki duk ya cukurkuɗe ya manne da fata, har da kaska. Matajinki ba ya kaiwa ƙasa."

Ba ta yi musu ba. Ta ajiye ledar, ta ɗaga hannayenta biyu tana kallo, ta juya su. Ta ce a hankali, "Ashe. Ni kuwa na ɗauka ina yi daidai." Sannan ta yi min sannu da aiki.

Dakta ya dawo da la'asar a gajiye. Na maimaita masa ƙaryar, ta ma fi ta farko tsari. Ya ce, "Mako uku da suka wuce na duba shi, lafiya lau. Ina gashin?" Na ce na ƙone saboda kaska. Ya ce ko da haka ne, da na jira shi. Ya ɗauki katin ya rubuta cewa tazar gida ba ta wadatar ba, a sake koya wa mai shi. Ya yarda da ni ne don bai taɓa kama ni da ƙarya ba.

Bayan kwana goma sha biyu suka dawo, wannan karon tare da Yohanna. Rana ta ƙona bayan Auduga, ya yi ƙuraje yana ta susa. Amma ba shi ne babban abin da ya kawo su ba. Tun ranar askin, da ya ga mataji sai ya shige ƙarƙashin gado. Mama kuwa ta dage, tunda an ce mata tazarta ce ba ta isa ba. Ta janyo shi za ta taje ɗan gashin jela da na bari, ya cije ta a babban yatsa. Hannun na naɗe da bandeji. Dakta na ciki yana duba kwikwiyon tare da Mama, Yohanna ya ja ni waje gindin darbejiya.

"Oga, kai ne ka taɓa shi da hannunka. Ka gaya min tsakaninka da Allah. Mama za ta iya da karen nan?"

Ba kowa a wurin sai ni da shi, ba abin da ya hana ni gyara maganata. Na dubi ƙasa na ce, "Gaskiya irin wannan kare aiki ne. Ga mai shekaru, da wuya."

Ya gyaɗa kai ya ce dama ya sani. A ranar ya wuce da Auduga Garatu.

Wannan ƙaryar ce ta fi damuna har yau. Ta farko a firgice na yi ta. Ta biyu kuwa na samu kwana goma sha biyu na tunani kafin in yi. Ba zan ɓoye muku ba, da motar ta tashi sauƙi na ji, don an tafi da shaida.

Damina ta sauka, na ci gaba da aikina, ina ci ina sha, ba abin da ya same ni. Sai wata Litinin Mama ta shigo ita kaɗai, ta rame. Ta ajiye jaka a teburina: mataji, buroshi, kwanon abinci, ɗan tawul. Ta ce a ba wani mai kwikwiyo da zai amfana. Sannan ta ciro kwalbar soyayyar gyaɗa ta miƙo min.

"Wannan taka ce. Da wani ne, sai ya ce min komai lafiya don kada raina ya ɓaci, dabba ta yi ta shan wahala a hannuna. Kai ka faɗa min gaskiya. Na daɗe ina koyarwa, na san faɗa wa babba gaskiya ba sauƙi."

Na karɓa. Har godiya na yi. Ta ce ɗan ɗinkin da take taɓawa ma ta ajiye, tunda hannun ya nuna ya gama aiki.

Kwalbar ta kwana uku a kabad, na kasa buɗewa, na kasa kai ta gida. Rana ta huɗu da safe, kafin mutane su fara zuwa, na shiga ofishin Dakta na rufe ƙofa na faɗa masa komai, har maganar gindin darbejiya. Bai ɗaga murya ba. Ya ciro katin Auduga, ya ja layi a kan abin da ya rubuta, ya rubuta gaskiya a ƙasa, ya sa ni na sa hannu.

Ya ce, "Ka sa na rubuta ƙarya a kan matar da ta fi duk masu zuwa nan kula da dabbarta. Daga yau ba kai ba kilifa sai na ce. Amma ba ni ka fi yi wa laifi ba. Ka san gidan?"

Na ce ban sani ba. Ya ce adireshin na kan kati.

"Dakta, ko za ka taimaka ka kira ta a waya, ka ɗan yi mata bayani?"

"Da bakina ka yi mata ƙaryar?"

Na same ta a baranda tana tsintar wake. Ta ba ni kujera, na ƙi, na tsuguna. Na faɗa mata. Ta ci gaba da tsintar waken kamar ba ta ji ba. Can ta ce, "Sake faɗa. Ba ƙulli?"

"Ko ɗaya, Mama."

"Kaska fa?"

"Babu."

"Har fata ka duba?"

"Har fata."

Ta ture farantin gefe. "Wata biyu ina zagin hannun nan. In tashi da safe in dube shi in ce kai ka jawo. Ashe ba abin da ya yi." Ta dube ni. "Me na yi maka, Malam Sabi'u?"

Na ce ba komai. Ta ce ta san ba komai, shi ya sa take tambaya. Na ce tsoro ne. Ta ce 'yan aji ukun da ta koyar ma idan suka fasa abu suna jin tsoro, amma ba ta taɓa jin wanda ya ce malama ce ta fasa ba. Ta ce in tashi, tsugunon ba ya gyara komai. Ta ɗauko waya ta kira Yohanna, ta yi masa magana da Hausa don in ji: "Ka zo Asabar da mota. Akwai mai magana da kai."

Ranar Asabar muka kama hanyar Garatu mu uku a a-kori-kurarsa. Tun ba mu fita gari ba na faɗa masa. Ya taka birki ya sauka gefen titi.

"Na ce ka gaya min tsakaninka da Allah. Ko ban ce ba?"

"Ka ce."

"Na dubi uwata na ce mata ta tsufa. Da maganarka na faɗa mata haka!"

Ya ce ba don Mama na motar ba, da a nan zai sauke ni in taka da ƙafa. Mama ta ce, "Ja mota, Yohanna. Kai ma ba ka sha wuyar yarda ba."

Mun sami Auduga ɗaure da sarƙa a gindin mangwaro kusa da rumbu. Ana ba shi abinci, amma ba mai iya taɓa shi. Gashin ya fara fitowa tsilli-tsilli, ya kwashi ƙarangiya da laka, a gadon baya kuma akwai wuraren da ba komai. Da ya ji muryar Mama ya yi ta tsalle har sarƙar na shaƙe shi. Da ya hango ni kuwa sai ya ja da baya yana gurnani, fitsari na zuba. Yohanna ya ce, "Ka gani? Shi bai manta ba." A dawowa muka taho da Auduga, ni kuwa bayan mota na zauna tare da doya, don ya ƙi shiga inda nake.

Dakta ne ya tsara yadda za a gyara. Ƙarangiyar shi ya cire da kansa bayan ya yi masa allurar barci. Sauran ya ce nawa ne: a koma farko, kamar ɗan wata biyu, sai dai yanzu abin zai ja lokaci. Sau uku a mako, bayan la'asar, sai in je Fadikpe in zauna a ƙasan barandar Mama, in ajiye mataji a gabana da ɗan busasshen kifi a gefensa, in yi shiru. Makon farko ko fitowa bai yi ba. Na biyu yana leƙowa ta bayan zanen Mama. Sai cikin wata na biyu ya zo ya fizge kifin ya gudu. Mama na kan kujera tana ba ni umarni kamar ɗan aji: "Sauke kafaɗa. Daina kallonsa cikin ido. Ka cika gaggawa, Malam." Akwai 'yan unguwarmu masu talla a Fadikpe, su suka kai labari gida cewa asibitin Sabi'u ashe na karnuka ne. A majalisa aka koma kirana likitan kare. Na ji kunya, amma ba ta kai wadda nake ji a barandar ba.

Ranar da ya fara lasar hannuna ban janye ba. Na bar shi ya gama, na je na wanke, na yi sallata. Mama ce ta fara mayar masa da mataji, ja ɗaya a rana, sannan biyu. Sai da muka shiga wata na biyar ya bar ni na taje shi daga wuya zuwa jela. Gashin bayansa bai dawo daidai ba har yau, akwai wani wuri kamar faɗin tafin hannu da ya fito guntu-guntu. Kilifa kuwa, ko a maƙwabta aka kunna sai ya ɓuya. Amma yana gidan Mama, a barandarta ya tsufa.

Ku da kuka zo da wata sana'a a hannu kamar ni, ku sani abin da ka iya a kan mutum ba lallai ya yi a kan dabba ba. Yaro idan ya yi wayo ana yi masa bayani ya zauna a yi masa aski. Kwikwiyo ba a yi masa bayani. Abin da ya gani a tebur ranar farko shi zai riƙe, kuma kare mai dogon gashi zai yi ta hawa teburin nan har tsufansa. Minti goma sha biyar ɗin nan da kuke gani kamar wasa, su ne aikin.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Dabba ba ta magana, mai ita kuma ba ya cikin ɗaki. Duk abin da ka fito ka faɗa, shi ne ya faru. Mutane na ganin rigar aikin nan su yarda da mu fiye da idonsu. Shi ya sa na roƙi Dakta aka sa dokar nan da kuke ƙorafi a kanta: ba a yanke ƙullin gashi sai an kira mai dabba, an kama yatsansa an ɗora a wurin ya ji da kansa. Idan ya tafi kasuwa, a jira shi.

Mama Rifkatu ta yafe min, ta faɗa da bakinta a gaban Yohanna, kuma har yanzu nan take kawo Auduga duk wata. Wasunku sun lura ba ta ajiye shi ta fita, ko da layi ya yi tsawo, ko da hadari ya taso tana da shanya a gida. Wata a cikinku ta taɓa ce min tsohuwar nan ta cika sa ido. Da ba haka take ba. Tana shigowa ta gaishe ni da fara'a, ta tambayi iyali, sannan ta zauna inda za ta riƙa ganin hannuna. Ni nake ajiye mata kujerar.